Idan wani ya faɗi a kan Duwatsun Shere, wa zai je ɗauko shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu takwas ne, duk a nan Jos muke zaune. Mun shirya hawa Duwatsun Shere a ƙarshen watan Agusta, in ta yi kyau da rani mu nufi Chappal Waddi, wasunmu ma har Kilimanjaro suke hange. Babu wanda ya taɓa hawa mai nisa a cikinmu. Me ya kamata mu riƙe, kuma idan wani ya ji ciwo a can sama, wa za mu kira?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta biyu, don ita ce za ta gaya maka abin da zai shiga jaka. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma tana haɗa mai kira da 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra da sauransu. Ku kira ta in wani abu ya faru. Amma ku san inda ƙarfinta ya tsaya: motar asibiti tana tsayawa inda hanyar mota ta ƙare, shi kuwa wanda ya karye yana can sama, tafiyar awa biyu ko uku a ƙafa. A Switzalan akwai ƙungiyar Rega, wadda tun 1952 aikinta ke nan, ɗauko mutane daga tsaunuka ta sama. Kada ku sa irin wannan a lissafinku a nan. Wanda zai fara isa wurin mai rauni ku ne, ku bakwai ɗin da suka rage. Bayanku sai mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen, mafarauta, makiyaya da 'yan banga. Hukuma za ta same ku a bakin hanya. Saboda haka duk shirin da za ku yi, ku yi shi a kan cewa za ku kula da mai rauni da kanku na awa shida zuwa kwana guda.

Wannan ne ya sa mutum mafi muhimmanci a tafiyarku shi ne wanda ba zai je ba. Ku zaɓi babba ɗaya mai nutsuwa a gida, ku bar masa takarda rubutacciya, ba saƙon baki ba. A ciki a sa sunan kowa da lambar wayarsa, wanda ke da asma ko ciwon suga ko farfaɗiya ko sikila, ƙauyen da za ku fara hawa daga gare shi, inda za ku ajiye mota da lambarta, sunan ɗan jagora, lokacin da za ku juyo, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai tayar da mutane. Wannan lokaci na ƙarshe a rubuta shi da lamba, misali ƙarfe 6 na yamma. In aka bar shi a kan "in dare ya yi ba ka gan mu ba", mutumin gida zai yi ta cewa bari a ƙara ba su rabin awa, har goma ta buga, masu nema kuma ba za su iya fita ba sai gari ya waye. A rubuta masa wa zai kira: 112, sannan mai unguwar ƙauyen, sannan wani mai mota da ya yarda tun farko zai fito.

Ku je wurin mai unguwa kafin ranar, ko aƙalla da safiyar ranar. Yankin Shere ƙasar Afizere ce, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, akwai gonaki, akwai wuraren da mutanen gari ba sa son baƙo ya taka, kuma su ne suka san inda ake zaman lafiya a makon nan da inda ba a yi. Labarin tsaro na wata uku da suka wuce ba labari ba ne. Ku ɗauki ɗan jagora ɗan gari, ku biya shi kuɗi mai mutunci, ku karɓi lambar wani mai babur a ƙauyen. Ranar da kuka buƙaci mutum goma su hau da tocila, gaisuwar nan ta safe ce za ta yi muku aiki. Akwai kuma cibiyar horaswa ta gwamnatin tarayya a Shere, wadda mutane suka fi dangantawa da 'yan Man O' War, masu koyarwarta sun san duwatsun, yana da kyau ku nemi shawararsu.

Maganar watan Agusta kuwa, in da hali ku ɗaga. Yuli da Agusta su ne tsakiyar damina a Jos, ruwa kan wuni yana sauka, gajimare kan sauko ya rufe kan dutse har ba ka ganin wanda ke gabanka da taku ashirin. Falalen dutsen da takalmi ke kamawa da kyau in ya bushe, da ya jiƙe, gansakukar da ke kansa ta sha ruwa, sai ya koma kamar an shafa sabulu. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi: ruwa ya ɗauke, hazon hunturu bai yi kauri ba. Rani ma da nasa. Ana cinna wa daji wuta, wuta kuwa ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka in kun hangi hayaƙi a ƙasanku kada ku gudu sama ta cikin ciyawa, ku yi gefe zuwa falalen dutse marar ciyawa ko wurin da ya riga ya ƙone.

Yanzu lissafin lokaci, wanda shi ne ke raba tafiya mai daɗi da kwanan dutse. Garin Jos yana kan kusan mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuwa kusan mita 1,829, wato hawan da ke gabanku kusan mita 600 ne, ko ƙasa da haka gwargwadon inda kuka fara. Masu hawa suna amfani da ƙa'idar da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. In zuwa da dawowa kilomita 10 ne da hawan mita 600, awa uku ke nan. Amma wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne a hanya mai kyau, ba ya tsayawa ɗaukar hoto. Mutum takwas sababbi, cikin manyan duwatsu da ciyawa, ku ninka shi biyu, awa shida. Ku fara hawa da ƙarfe bakwai na safe. Ku sa lokacin juyawa, a ce ƙarfe goma sha biyu, kuma ku yi alkawari tun a ƙasa cewa in ta buga za a juya ko da ƙololuwa na gabanku kamar ku miƙa hannu. A nan rana tana faɗuwa tsakanin wajen ƙarfe shida zuwa bakwai saura, gwargwadon wata, kuma bayan faɗuwarta da kamar minti ashirin duhu ya rufe. Burinku La'asar ta same ku a gindin mota. Awannin da suka rage tsakanin La'asar da Magariba ba rara ba ce ta yawo, ajiya ce ta ranar da wani ya yi targaɗe.

Ku tafi da saurin wanda ya fi kowa jinkiri. Mai ƙarfi ɗaya a gaba tare da ɗan jagora, mai ƙarfi ɗaya a baya wanda ba ya barin kowa a bayansa, a ƙirga kawuna a duk inda aka huta. Yawancin ɓata yana farawa ne da "ku ci gaba, zan same ku", ko mutum ya ratse kama ruwa bai gaya wa kowa ba.

Abin da za a riƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya, ku haɗa jaka tun daren jiya. Kowa da ruwansa lita uku, wato ledar fiya-wata guda shida, amma a juye a gora don leda tana fashewa a jaka. Kowa da tocilarsa, ta goshi ta fi, da batir na canji. Fitilar waya ba tocila ba ce, tana cinye cajin da za ku kira taimako da shi kuma tana kama hannun da kuke buƙata wajen dafa dutse. Kowa da usur, irin na alƙalin wasa, a rataye a wuya. Kowa da rigar ruwa, rigar sanyi, hula, da babbar baƙar ledar shara guda biyu. Abinci ya zama mai ƙarfi marar nauyi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, biredi, a ware kaso ɗaya wanda ba a taɓawa sai tafiya ta ɓaci. Takalmi mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba, ba silifas ba. Na rukuni kuma: fawa-bank biyu, ashana ko laita a cikin leda, wuƙa, sol-tef mai faɗi, zani biyu masu ƙarfi, takarda da biro, da akwatin taimakon farko. A akwatin a sa safar hannu, gozi mai yawa, bandeji mai talewa guda uku, filasta, almakashi, farasitamol, maganin ƙaiƙayi da kumburi na rashin jituwar jiki, da fakitin gishiri da suga guda shida. In ya ƙare ana haɗawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar wani ba.

Igiya kuwa, shawarata ku bar ta a gida. Igiyar nailan ta kasuwa ba ta hawa ba ce, ta hawa an yi ta ne ta ɗan talu don ta shanye ƙarfin faɗuwa, kuma ko ita ba ta da amfani a hannun wanda bai koyi ɗauri da kafa madogara ba. Abin da igiya ke yi wa sabon mai hawa shi ne ta ba shi ƙarfin zuciyar shiga inda bai kamata ba, in ya zame ya ja wanda ke riƙe da ita su tafi tare. Duk inda kuka ga sai da igiya, ba hanyarku ba ce.

Akwai wani tarko da duwatsun ƙasarmu ke da shi, daga Shere har irin su Zuma da ke kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Da yawansu kamar ƙwarya a kife suke. A sama shimfiɗe, kana gangarowa gangaren na ƙara tsanani a hankali, kuma ba ka ganin abin da ke ƙasanka don cikin dutsen ya kare shi. Mutum ya ga kamar ga gajeriyar hanya zuwa ƙauye, ya sauka taku ashirin a tsaye, ya koma da zama yana jan gindi, sai ya kai inda ba ya iya ci gaba kuma takalminsa ba ya kamawa ya koma. Hawa ya fi sauka sauƙi a kan dutse, domin mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa, mai sauka ba ya gani, ga gajiya, ga gwiwa na rawa. Don haka ku sauko ta inda kuka hau. Lokacin hawa ku riƙa waiwayawa a kowace mararraba kuna duba yadda hanyar take ta fuskar mai dawowa, ku ɗauki hotonta. Kada ku hau abin da ba ku da tabbacin za ku iya saukowa daga kansa, kuma kada a yi tsalle daga dutse zuwa dutse da jaka a baya. In kuna wurin da tsakuwa ke gangarowa, kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, wanda ya ture dutse ya yi ihu nan take.

Tsawa. Kan dutse shi ne wuri mafi muni in hadari ya haɗu, kuma a nan hadari ya fi tasowa da rana zuwa yamma, wani dalilin fita da sassafe. In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙara: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai talatin ba, tana kusa da ku, ku bar ƙololuwa da doron dutse ku sauka. Kada ku fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada ku tsaya a bakin ƙaramin kogo ko ƙarƙashin leɓen dutse, don wutar tana bin jikin dutsen ta tsallaka ta jikin mutum. In ta rutsa da ku a fili, ku warwatsu da tazarar taku ashirin tsakaninku don kada ta kwantar da kowa lokaci guda, kowa ya tsuguna a kan jakarsa ƙafafu a haɗe. A jira minti talatin bayan ƙarar ƙarshe. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya ɗauke da wuta a jikinsa, a taɓa shi nan da nan. In ba ya numfashi a fara danna tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane talatin a hura masa numfashi biyu. Bayan ruwa kuma ƙoramar da kuka tsallaka da safe ba tare da kun jiƙa ba tana iya kawo ruwa har ƙugu. In ruwa mai gudu ya kai gwiwa, a zauna a jira, irin wannan yana janyewa cikin 'yan awanni. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos kuwa, masu zurfi ne da gefe a tsaye, ba wurin wanka ba ne ko da zafi ya dame ku.

Mutanen Jos sun san sanyi, amma suna danganta shi da hunturu kawai. Wanda ke kwantar da mutum a dutse shi ne jiƙa da iska da gajiya in sun haɗu, ko da a damina ne. Iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 ta hawa, rigar auduga da wandon jins kuma in sun jiƙe suna zuƙe ɗumin jiki. Alamar farko karkarwa, sannan hannu ya kasa zuge zif, magana ta fara harɗewa, mutum ya riƙa tuntuɓe yana cewa lafiyarsa ƙalau. In karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi nisa. A cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu, a huda ledar shara a zura masa kamar riga, a rufe kansa, kuma a raba shi da ƙasa ta hanyar shimfiɗa jakunkuna da ciyawa, domin dutse yana shan ɗumin mai kwance fiye da iska. In yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi.

To, an yi faɗuwar. Minti na farko kowa ya tsaya inda yake, domin mai rauni na biyu yawanci shi ne wanda ya ruga ceto. Mutum ɗaya ya ja ragama, ɗaya ya duba majiyyaci, ɗaya ya rubuta lokaci da duk abin da aka gani. A duba ko yana amsawa, yana numfashi, sannan a nemi jini, har ta bayansa da ƙarƙashin tufafi. Jini ana tsayar da shi da dannawa: gozi ko tsumma mai tsabta a kan ciwon, a danna da ƙarfi minti goma cur ba a ɗagawa a leƙa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, santimita 5 zuwa 7 sama da ciwon, ba a kan gaɓa ba, a zura sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin, kada a kwance sai a asibiti. Igiyar takalmi ko waya ba sa wannan aiki, yanka suke yi.

In ya faɗo daga tsayin da ya fi nasa, ko yana kukan wuya ko baya, ko ƙafa ta mutu, kada a zaunar da shi, kada a ciccibe shi. Wani ya riƙe kansa a yadda yake, a rufe shi, a nemo mutane. Sai in wurin da kansa zai kashe shi ake matsar da shi, mutum huɗu ko biyar lokaci guda, kai da wuya da baya a miƙe. Wanda ya bugu a kai, ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, asibiti ne yau, ba gobe ba. Karaya kuma a ɗaure ta yadda aka same ta, sanduna biyu da aka naɗe da tsumma, su kama gaɓar sama da ta ƙasa, a bar yatsu a waje ana dubawa ko sun yi sanyi ko sun canza launi. Kada kowa ya ce zai ja ƙashi ya daidaita don ya taɓa ganin mai ɗori yana yi. Targaɗen idon sawu a ɗaure shi ta kan takalmin, in an cire takalmin kumburi ba zai bari ya koma ba.

Ɗaukar mutum ya fi yadda ake zato wuya. Gadon ɗauka ana yinsa da sanduna biyu masu kauri da zani ko riguna uku da aka zura sandunan ta hannayensu, a gwada da lafiyayye kafin a ɗora majiyyaci. Yana cin mutum shida a lokaci guda, da wasu na canji, kuma a cikin duwatsu hanyar da kuka hau cikin awa ɗaya tana iya cin awa huɗu. Ku bakwai ba za ku iya ba sai wuri mai sauƙi kuma kusa. Mafi yawan lokuta abin da ya dace shi ne a zauna a kula da shi, a aika. Masu zuwa neman taimako mutum biyu ne, ba ɗaya ba, da takarda a hannu mai ɗauke da wurin, lokacin faɗuwa, irin raunin, yawan waɗanda suka rage da abin da ke hannunsu. Wanda ya iso ƙauye yana haki ba ya iya bayani, takarda ce ke yi. Wannan ne ma dalilin da ba a son rukuni ya gaza mutum huɗu.

Waya tana da sirri biyu da ya kamata ku sani. Na farko, tana gane inda take ta tauraron ɗan'adam ko babu sabis. Ku sauke taswirar yankin a Google Maps tun kuna gida, in kun danna ɗigon da ke nuna inda kuke kuka riƙe, za ta ba ku lambobi biyu, a yankin Jos na farko yana farawa da 9, na biyu da 8 ko 9. Ku kwafe su duka har lamba huɗu bayan ɗigo, wannan yana kai mai nema cikin kusan mita 11, in kun tsaya a lamba biyu kun bar masa fiye da kilomita guda ya lalube. Na biyu, tes yana fita a sabis ɗin da kira ba ya shiga, don haka a tura tes, a hau ɗan tudu in ba haɗari. Ku tafi da layukan kamfanoni daban-daban, wayoyi biyu a kashe su tun daga gindin dutse a matsayin ajiya. Alamar neman ceto da masu hawa suka sani ita ce busa usur ko haska tocila sau shida a minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita, amsa kuma sau uku ce. Mutanen ƙauye ba lallai su san ƙa'idar ba, amma busa mai tsari da ba ta yankewa kowa ya san ba wasa ba ce. Kada a daina don an ji amsa, da ƙarar suke bin sawu. In dare ya same ku ko hanya ta ɓace, ku tsaya wuri ɗaya a bayan dutsen da ya kare iska, ku haɗa jiki. Kwana cikin sanyi wahala ce, bin kwazazzabo a duhu kuwa shi ke kai mutum bakin rami.

Maciji yana son tsagar dutse da gindin ciyawa, don haka kada a zura hannu inda ido bai gani ba, a sa dogon wando. Kasa ba ta gudu, kwanciya take a hanya. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ta fi yawa a ƙasa-ƙasa mai zafi irin kudancin Filato wajen Langtang da Shendam, dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya ga kamar ya warke, daga baya dasashi ya fara jini. In an yi sara, a janye daga wurin, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a rubuta lokaci, a ɗauke shi in da hali. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Farasitamol kaɗai za a ba shi, asfirin da ibufurofen da diklofenak suna ƙara zubar jini. Maganin sara allurar kashe dafi ce a asibiti, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana ɓangaren gari da ke kusa da Shere. In gamsheƙa ta tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa kamar minti goma sha biyar, ko da ruwan shanku ne. Ƙudan zuma ma suna kafa gida a kogunan dutse. Ranar hawa a haƙura da turare, na san da wuya ga ɗan Hausa. In sun taso a rufe fuska da riga a bar wurin ta hanyar da aka sani, da sauri amma ba gudun makanta ba, don a kan dutse faɗuwar ta fi harbin kisa. Wanda fuskarsa ko harshensa ya kumbura, ko numfashi ya fara yi masa wuya, yana buƙatar allurar adirenalin da gaggawa, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta isa ba.

Chappal Waddi, a gandun dajin Gashaka-Gumti na jihar Taraba, mita 2,419 ne, shi ne mafi tsayi a Najeriya. Matsalarsa nisa ce, tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ta hannun hukumar gandun da jagororinta ake shiga, kuma duk lissafin awannin da na yi a sama ya koma na kwanaki. Ku hau Shere sau uku ko huɗu tukuna, aƙalla biyu daga cikinku su yi kwas ɗin taimakon farko na hannu da hannu, irin wanda ƙungiyar Red Cross ke bayarwa.

Kilimanjaro kuma wata duniya ce, mita 5,895, kuma dokar Tanzaniya ba ta barin a hau ba tare da jagora mai lasisi ba. Ciwon tsayi yana farawa ne daga wajen mita 2,500, ba ruwansa da ƙarfin mutum: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Bayan mita 3,000 ana so kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, shi ya sa hanyar kwana bakwai ko takwas irin Lemosho ta fi ta kwana biyar ta Marangu ba jiki damar sabawa. Mai alamun ciwon ba ya ƙara hawa. Wanda ya fara tangaɗi ko ruɗewa, ko yana haki a zaune da tari mai kumfa, ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa ko huhu, a sauko da shi nan take ko tsakar dare ne, kuma ba shi kaɗai ba. Akwai maganin rigakafi, asetazolamid, wanda likita ne zai rubuta. Kafin kowa ya biya kuɗin tafiyar ya je ya san rukunin jininsa na gado: mai sikila ƙarancin iska yana tayar masa da ciwo, mai AS ma saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi, don haka ya zauna da likita tukuna. Inshorar da za ku saya kuma ku karanta ta da kyau, ta ambaci tafiyar ƙafa har mita 6,000 da kuɗin sauko da majiyyaci, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana tsayawa ƙasa da wannan tsayin.